Rubutun Gefen Shafi

Zariya,
12 ga Mayu, 2024

Zuwa ga Kawu Maiwada,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarka Saratu da duk mutanen Gidan Sanda. Ya ƙafar? Inna ta ce tun rasuwar Gwaggo Tsohuwa ba ta sake ganinka ba, tana gaishe ka ƙwarai. Ita ce ma ta ce kada in wahalar da kai da waya tunda kunnen ya yi nauyi, in rubuto, Mannir direba zai sauke maka a Ƙarfi.

Wataƙila ba za ka tuna ni sosai ba. Ni ce Mansura 'yar Rabi'atu ta Funtuwa, jikar Malam Awaisu ƙanen mahaifinka. Ni ce wadda ta shiga ɗakinka ranar zaman makoki tana ta leƙen littattafanka, har ka ce in ba ni da aikin yi in zo in kakkaɓe su.

Ina karatun digiri na biyu a nan, fannin nazarin addinai. An ba ni bincike a kan koyarwar malaman Yahudawa na dā, waɗanda ake kira rabbai, da dangantakarta da Kiristanci. Kawu, duk abin da na samu na Turawa ne, ko na karanta ba ya zama a kaina. Inna ta ce ka yi shekara da shekaru kana rubuta irin wannan da Hausa, tun kana koyarwa a makarantar fastoci. In ba zan yi rashin kunya ba, ina roƙon aron kundayen nan. Zan riƙe su amana.

Na san gidanmu ya rabu biyu tun zamanin kakanni, mu muka bi masallaci, ku kuka bi coci. Amma Inna kullum cewa take yi jini bai rabu ba.

Maigidana Abdussamad yana gaisuwa.

'Yarka,
Mansura


Gidan Sanda, ta Ƙarfi,
26 ga Mayu, 2024

'Yata Mansura,

Takardarki ta iso ta hannun Mannir, na kuwa yi murna. Muna lafiya. Ƙafa dai sai a hankali, in hadari ya taso ita ke fara sanar da ni. Ruwa ya sauka sau biyu, mun shuka masara a gonar bayan gida, dawa muna jiran ƙasa ta ƙara jiƙa. Na tuna ki sarai. Ba ki kakkaɓe littattafan ba, gudu kika yi.

Ga kundi uku. Asalinsu, wani tsohon malaminmu ne da zai koma ƙasarsu ya bar mini akwatin littattafai. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne na lura almajiran Yesu Rabbi suke kiransa. Na ce to, in malami ne a cikin malamai, bari in ji yadda sauran malaman ke magana.

Sai na tarar da mutane masu son gardama fiye da dillalan kasuwar Bakori. Bayan Rumawa sun rushe musu Haikali, babban ɗakin ibadarsu, ba bagaden yanka ba hadaya, sai suka riƙe karatu hannu bibbiyu. Malami ya faɗa wa ɗalibi, ɗalibi ya faɗa wa nasa, kowa na cewa wane ya ce da sunan wane. In biyu suka saɓa kuma, ba a share maganar wanda aka kayar, ajiye ta ake yi kusa da ta mai rinjaye, ko wata rana za a bukace ta. Wannan ya burge ni, domin a kwamitin cocinmu wanda aka kayar ko a rahoton taro ba ya fitowa.

Za ki ga misalai na sarki da bayinsa, da na mai gona da 'yan ƙwadago, irin waɗanda Yesu ya yi ta bayarwa. Za ki ga sun ce ceton rai ya fi kiyaye ranar hutunsu ta Asabar. Za ki ga wanda ya dunƙule shari'a duka a kan kada mutum ya yi wa ɗan'uwansa abin da shi ba ya so a yi masa. Amma ki kula da inda hanya ta rabu. Su ba su karɓi Yesu a matsayin Almasihu ba, har gobe jira suke yi, mu kuwa a kansa muka tsaya. Kuma yawancin maganganun nan sai bayan zamaninsa da shekara ɗari biyu ko fiye aka rubuta su. Don haka kada ki ce wani ya kwafi wani. 'Yan gari ɗaya ne, rijiya ɗaya suka sha.

Ban taɓa nuna wa kowa su ba. Mutanenmu da sun ji an ce Bafarisiye, wato irin malaman nan na zamanin Yesu, sai su ji munafuki. Naku kuma kin san yadda kalmar Bayahude take a kunne, balle yanzu da ake yaƙi. Amma na tsufa, iri kuwa ba ya tsirowa a cikin rumbu. Ki yi amfani da su, su amfani mutane.

Abu ɗaya. Kundi na uku na rubuta shi ne shekarar da matata Rifkatu ta rasu. A gefen shafukan akwai maganganun da ba da kowa nake yi ba, da Ubangijina nake yi. Ki kauce musu kamar yadda kike kauce wa gaban mai salla.

Ki gai da Rabi da maigidan naki.

Kawunki,
Maiwada


Zariya,
16 ga Yuni, 2024

Kawu,

Bayan gaisuwa, ina fatan shuka ta kama. Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da na yi makon jiya, ya wuce.

Allah ya saka da alheri. Na cinye kundi na ɗaya da na biyu cikin mako guda, abin da na yi wata huɗu ina fama da shi a ɗakin karatu. Wannan wane ya ce da sunan wane ai isnadi ne, Kawu, irin na masu hadisi. Da na faɗa wa malamin da ke duba aikina sai ya yi dariya, ya ce in bi a hankali, kama da wane ba ta wane. Amma ya tambaye ni inda na samo wanda ya fahimci abin haka da Hausa. Na ce kawuna ne, manomi a Ƙarfi. Ka ga yadda ya dube ni.

Tambaya ɗaya ke damuna. In sun yi kusa haka, har misalansu iri ɗaya, me ya kawo gaba mai tsanani tsakanin Yahudawa da Kiristoci shekaru aru-aru?

Abdussamad ka san shi da harkar wa'azi, yana kuma ɗora muƙabala a waya, mutane na kallo. Tun farko bai so karatun nan ba, cewa yake yi me matar Musulmi za ta tsinta a wajen Yahudu da Nasara. Kwanan nan dai ya ɗan sassauto, har yana tambayata inda na kai.

Za mu yi hutu a Yuli, zan koma Funtuwa. In Allah ya yarda zan leƙo ku.

'Yarka,
Mansura


Gidan Sanda,
4 ga Agusta, 2024

'Yata Mansura,

Gaisuwa da fatan kin warware. Mu muna lafiya, masara ta fara goyo, ciyawa ce dai ta fi ƙarfinmu bana.

Na amsa miki tun watan jiya, ban ji komai ba, ko takardar ba ta iso ba? Bari in maimaita a taƙaice. Kin tambayi abin da ya kawo gaba. Rigimar 'yan gida ɗaya ai ta fi ta bare zafi. Kiristocin farko Yahudawa ne, a majami'a ɗaya suke sujada da 'yan'uwansu. Da aka rabu, kowane ɓangare ya shiga nuna cewa shi ne magajin gida. Daga baya mulki ya faɗo hannun Kiristoci, suka yi wa Yahudawa abubuwan da ina jin kunyar rubuta miki su. Kakanki da mahaifina ma sun yi shekara bakwai ba sa gaisawa, alhali nono ɗaya suka sha.

Saratu ta share ɗaki tun farkon Yuli tana jiranki. In kin gama da kundi na uku ki ba Mannir. Wani lokaci ina son duba shi.

Kawunki,
Maiwada


Gidan Sanda,
22 ga Satumba, 2024

Mansura,

Ina fatan kina lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Ranar Talata ta makon jiya na je Ƙarfi sayen buhunan zuba masara. Kabiru mai shagon taki, wanda muka yi shekara ashirin muna hulɗa, ya ja ni cikin shago, ya sa yaransa suka fita, ya miƙo mini waya. Bidiyo ne. Ban ji maganar ba saboda kunnena, amma na ga hoton. Na ga wani mutum zaune a kan kujera riƙe da kundi mai bango shuɗi. Ya ɗaga bangon ya nuna, ga sunana da na ƙauyenmu da hannuna. Ban taɓa ganin mijinki ba sai ranar.

Kabiru ne ya matso kusa da kunnena ya riƙa maimaita mini abin da ake faɗa. Wai ga wani babban fasto na ƙasar Malumfashi ya amsa da alƙalaminsa cewa duk abin da ke hannun Kiristoci daga wajen Yahudawa aka kwaso. Ya karanto misalan da na jera gefe da gefe, ya tsallake inda na ce ba wanda ya kwafi wani. Sannan ya juya kundin a kaikaice, ya karanta na gefen shafi: "Yau kwana tara da binne Rifkatu. Ban san abin da na gaskata ba."

Kabiru ya ce mutum ya fi dubu arba'in da suka kalla.

Ranar Lahadi dattawan coci suka kira ni. Fastonmu yaron da na koyar ne a aji, ko idona ya kasa kallo. Suka ce in ajiye koyar da ajin manya har sai an bincika. Shekara goma sha tara ina riƙe da ajin nan. Na yi musu bayani, ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, hannunka ne ko ba hannunka ba ne?" Na ce hannuna ne.

Jiya muka kira gayyar karyar masara. Kowace shekara samarin coci da maƙwabtanmu Musulmi sukan cika gonar, Saratu ta dafa abinci tukunya uku. Mutum huɗu suka zo. Na coci suna ganin na sayar da su, na masallaci kuma an ce musu ina karatun Yahudawa. An rubuta Bayahude da gawayi a katangar zaure, Saratu ta wanke kafin in fito, amma alamar tana nan. Dangin wanda zai aure ta sun aiko a ji ko gaskiya ne na bar addini.

Ban rubuto don in zage ki ba. Ina so in ji daga bakinki yadda kundin da na aiko miki aro ya je kan cinyar wannan mutum.

Maiwada


Funtuwa,
29 ga Satumba, 2024

Kawu,

Ina gaishe ka, ko da yake ban san da wace fuska ba. Tunda takardarka ta iso ban iya cin abinci ba. Inna ta yi kuka, ta yi mini faɗan da ba ta taɓa yi ba.

Wallahi ban san zai yi haka ba. Na dawo hutu da kundayen, ya ce in kawo ya taimaka mini ya buga a kwamfuta tunda rubutun da yawa. Na tuna ka ce iri ba ya tsirowa a cikin rumbu, ka ce in yi amfani da su su amfani mutane. Na ɗauka ka sake mini su ne, ban ɗauka akwai laifi in mijina ya gani ba. Na ukun kuwa shi ya buɗe da kansa ina kicin. Ban san da bidiyon ba sai da ƙawata ta turo mini. Kunya ce ta hana ni amsa takardunka, ita ce kuma ta hana ni zuwa.

Na yi masa magana, ya ce shi bai ƙara ko harafi ɗaya ba, abin da ke rubuce ya karanta. Na ce ai ka rage, ya ce wa'azi ba ya ɗaukar dogon bayani.

Ga kundayen nan duka uku na ba Mannir, na naɗe su a leda saboda ruwa. Don Allah ka yi haƙuri, Kawu. Kuskuren fahimta ne.

'Yarka,
Mansura


Gidan Sanda,
6 ga Oktoba, 2024

Mansura,

Kundaye sun iso lafiya, ruwa bai taɓa su ba.

Da na karanta takardarki sai na ce wa Saratu laifina ne, ni na yi magana mai baki biyu, yarinya ta ɗauki ɓangare ɗaya. Har na ji sanyi a raina. Sai na zauna na buɗe kundi na uku.

Akwai alamar fensir a wuri goma sha ɗaya. An yi ƙoƙarin gogewa, amma fensir in an danna shi yakan bar sawu a takarda. Duk wurin da mijinki ya karanta, akwai alamar. A gefen maganar Rifkatu an ja layi biyu, an rubuta "wannan ma". Mansura, shekara talatin na yi ina duba rubutun ɗalibai. Na ɗauko takardunki uku na shimfiɗa kusa da shafin. Yadda kike lanƙwasa wutsiyar harafin ƙarshe, ba mai yin haka sai ke.

Tunda binciken malaman nan kike yi, ga ɗaya da za ki ƙara. Sun koyar cewa wanda ya kunyata ɗan'uwansa a bainar jama'a kamar ya zubar da jininsa ne, domin in ka duba fuskar wanda aka kunyata za ka ga jinin ya janye ta yi fari. Mu baƙaƙe ba a gani a fuskarmu. Amma yana janyewa, na ji shi a shagon Kabiru.

Abin da mijinki ya yi, bai san ni ba, bai ci abincin gidana ba. Ke ce kika ce amana, ba ni na roƙe ki kalmar ba.

Kada ki sake rubuto mini sai in gaskiya za ki faɗa.

Maiwada


Funtuwa,
27 ga Oktoba, 2024

Kawu,

Ina gaisuwa. Na yi mako uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Hannuna ne. Ni na yi alamun, ni na goge su kafin in ba Mannir.

Da na dawo hutu Abdussamad ya ce ba zan koma Zariya ba. Ya ce abokansa na yi masa gori, wai yana wa'azi a waje matarsa na cikin gida tana haddar Yahudawa. Saura mini zango ɗaya in gama. Na yi kuka, na sa Inna ta roƙe shi, bai saurara ba. Sai na ce masa karatun nan zai yi wa wa'azinsa amfani, ya ce in nuna masa. Na zauna da fensir na zaɓo masa duk abin da na san zai so. Na ga inda ka ce ba wanda ya kwafi wani, na tsallake. Da na zo kan maganar Mama Rifkatu na tuna gargaɗinka sarai, ban manta ba. Na ja layin duk da haka, don na san ita ce za ta sa ya bar ni in koma.

Na ce masa kada ya ambaci suna. Ya ce to. Na san halinsa, na san hujja ba ta yi masa daɗi sai da suna, amma na ƙi tsayawa in yi tunani.

Ya bar ni na koma makaranta. Na je na zauna a gaban aikin, na kasa rubuta ko layi ɗaya, na dawo gida. Na roƙe shi ya sauke bidiyon, ya ƙi.

Kawu, na karanta shafin da ke biye da wancan. Na ga abin da ka rubuta bayan kwana arba'in, inda ka amsa wa kanka. In dattawan cocinku suka ga wannan shafi, magana ta ƙare. Ka ba ni izini in zo da kaina, da hijabina, in tsaya a gabansu in faɗi abin da na yi, a karanta musu shafin. Inna ta ce za ta rako ni.

Ban ce ka yafe mini ba, ban kai nan ba. Izinin zuwa kawai nake roƙo.

Mansura


Gidan Sanda,
17 ga Nuwamba, 2024

Mansura,

Na samu takardarki. Muna lafiya. Mun yanke dawa, ni da Saratu da 'yan ƙwadago biyu daga Maska, ta yi kyau fiye da yadda na zata. Ƙafa ta kumbura kwana biyu, ta saɓe.

Wannan karon kin faɗi gaskiya, na kuma san ba da sauƙi ta fito ba.

Ba za a karanta wa dattawa shafin ba. Su ma ba da su nake magana a wurin ba. An riga an buɗe ɗaya a kasuwa, ba zan ɗauki na biyun da hannuna in kai kotu don a wanke ni ba. Mutanen da suka yi shekara goma sha tara suna zaune a gabana, in sai sun ga takarda za su san ko ni mai bi ne, to su riƙe ajinsu. Yanzu a bencin baya nake zama. Ba na jin wa'azin daga can, amma ina ganin bakin masu waƙa, na kuma san waƙoƙin.

Ki koma ki gama karatunki. Kin riga kin biya shi da tsada, kada ya tafi a banza. Ki rubuta abin da kika gano tsakaninki da Allah, da inda suka haɗu da inda suka rabu, kada ki rage wa kowa. Sunana kada ya fito a ciki, ko a shafin godiya.

Game da yafiya. Malaman nan sun ce laifin da ke tsakanin mutum da mutum, azumi da addu'a ba sa wanke shi sai an je an nemi wanda aka ɓata wa, shi kuma kada ya yi taurin zuciya in an zo. Ubangijina ya faɗi abin da ya fi wannan nauyi a kaina. Na san duka, na koyar da su. Kowace safiya ina roƙo a ba ni ikon yi, har yau ba a ba ni ba. In na ce miki na yafe yanzu, ƙarya zan yi, ƙarya kuwa ta ishe mu haka.

Dangin mijin Saratu sun dawo, an sa biki ranar Asabar ta biyu a watan gobe. Ki faɗa wa Rabi tana cikin iyayen amarya, ta zo tun ranar Alhamis, akwai ɗaki.

Ke ki bari tukuna.

Maiwada